Keken ɗinki na gida: Yadda ake gano matsala da gyara ta kafin a nemi makanike

A unguwannin Idu, Karmo da Gwagwa da ke Babban Birnin Tarayya Abuja, keken ɗinki na daga cikin jarin da gidaje da dama ke dogaro da shi. Da shi ake ɗinka kayan makaranta da na Sallah, da shi ake rage faɗi ko tsawon kayan gwanjon da aka sayo a kasuwar Karmo, kuma daga abin da yake samarwa ne mata da yawa ke yin cefane da zubin adashi.

Idan keken ya tsaya, asarar takan wuce kuɗin gyara. Alkawarin da aka ɗaukar wa masu kaya yakan saɓa, musamman a goman ƙarshe na azumi ko gab da komawar yara makaranta, lokacin da masu gyara su ma aiki ya yi musu yawa. Tun bayan da darajar naira ta faɗi a watan Yunin 2023, farashin kekuna da kayan gyaransu, waɗanda akasari daga ƙetare ake shigo da su, ya tashi ƙwarai, ta yadda sayen sabo ya fi ƙarfin masu ƙaramin jari da yawa.

Sai dai mafi yawan matsalolin da ke tsayar da keken gida ba sa nufin wani ƙarfe ya lalace. Galibi daga abubuwa huɗu suke fitowa: allura, zare, ƙura da rashin mai. Wanda ya fahimci yadda ɗinki ke ƙulluwa, ya kuma bi bincike daki-daki, zai iya magance yawancinsu cikin 'yan mintuna.

Bambancin keken masana'anta da na gida

Idu ta yi suna a matsayin yankin masana'antu. A nan ne Hukumar Bunƙasa Ƙanana da Matsakaitan Sana'o'i ta Ƙasa, SMEDAN, wadda aka kafa a 2003, take da Cibiyar Bunƙasa Masana'antu. A ƙarƙashin shugabancin Charles Odii, hukumar tare da Shirin Raya Ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta buɗe wurin ɗinki mai aiki da hasken rana a cibiyar, domin ƙananan maɗinka su sami manyan kekuna ba tare da fargabar ɗaukewar wuta ba.

Manyan kekunan masana'anta sun sha bamban da na gida. Keke irin Juki DDL-8700 yana iya suka har 5,500 a minti ɗaya, kuma yana da kwanon mai a ƙarƙashinsa wanda ke shayar da sassansa da kansa. Keken gida kuwa ba kasafai yake wuce suka 1,000 a minti ba, kuma tsofaffin samfuransa sai an ɗiga musu mai da hannu. Allurarsu ma ba ɗaya ba ce. Saboda haka wanda ya koyi aiki a kan babban keke ya koma gida kan ƙarami, yana da buƙatar sanin halin kowanne.

Baƙin keken nan mai zanen ruwan zinare da ake gani a shaguna da gidaje yana da dogon tarihi. Elias Howe na Amurka ya yi rajistar keke mai ɗinki da zare biyu a 1846, Isaac Singer ya biyo baya da nasa a 1851. A 1879 kamfanin Singer ya fitar da samfurin da daga baya aka sani da lamba 15. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwayi ƙirarsa, haka ma na ƙasar Sin, inda ake yin Butterfly a birnin Shanghai. Wannan ne ya sa kwarkwaro, ƙoshiya da allurar waɗannan kekuna sukan shiga na juna, kuma ba sa wuyar samu a kasuwa.

Yadda ɗinki ke ƙulluwa

Keken gida yana aiki da zare biyu: na sama da ke bi ta idon allura, da na ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro cikin ƙoshiya. Allura takan huda yadi ta sauka da zaren sama. Da ta kai ƙarshen saukarta ta fara ɗagowa, sai zaren ya yi ɗan zobe a gefenta. A daidai wannan lokaci wata ƙugiya mai tsini takan cafki zoben, ta zagaya da shi bayan ƙoshiya, sai zaren biyu su sarƙe. Daga nan sandar da ke hawa da sauka a fuskar keke ta ja zaren sama, ƙullin ya nutse a tsakiyar yadi, haƙoran da ke ƙarƙashin faranti kuma su tura yadin gaba.

Kowace matsala ta ɗinki tana komawa ga ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Idan zoben bai fito ba, ko ƙugiya ta kuskure shi, ɗinki zai yi tsallake. Idan jan zare ɗaya ya fi na ɗaya ƙarfi, ƙullin zai fito sama ko ƙasa. Idan haƙora ba su kama yadi ba, keken zai yi ta suka a wuri guda.

A fara da allura

Hausawa na cewa kome ƙanƙantar allura ƙarfe ce. A keken ɗinki ita ce mafi arha, kuma ita ce ta fi jawo matsala. Allurar da ta dakushe takan yi ƙara kamar ana ƙwanƙwasa yadi, tana jan zaren saƙa, tana kuma haddasa tsallake. Masu ƙera allura na ba da shawarar a canza ta bayan kimanin awa 8 na ɗinki. Ana gane wadda ta lanƙwashe ta hanyar kwantar da shafaffen gefenta a kan gilashi: idan tazarar da ke tsakanin jikinta da gilashin ba ta daidaita ba daga tushe zuwa tsini, a jefar da ita.

Allurar keken gida tana ɗauke da alamar 130/705H, ko HAx1, ko 15x1 a jikin kwalinta, kuma tushenta shafaffe ne ta gefe ɗaya. Ta manyan kekuna irin DBx1 tushenta zagayayye ne. Sanya ɗaya a madadin ɗaya na kawo tsallake, har ma ta iya gurje ƙugiya.

Lambobin da ke kwalin suna nuna kauri. Lamba 90/14, alal misali, na nufin kaurin allurar milimita 0.9 ne. Yadi maras nauyi kamar boyel da shifon na buƙatar 70/10 ko 80/12. Atamfa da shadda sun fi dacewa da 80/12 ko 90/14, yayin da jins da yadin labule mai kauri ke buƙatar 100/16 ko 110/18. Yadi mai talewa, irin na rigunan sanyi da singileti, yana son allura mai zagayayyen baki, wadda ke ratsa saƙar ba tare da tsinka ta ba.

Yadda aka ɗaura allura ma yana da muhimmanci. Dole a tura ta sama har ta tokare kafin a ɗaure notinta. Kowace allura tana da dogon kwarmi a gefe ɗaya da ɗan loko kusa da ido a ɗaya gefen. Ƙa'idar ita ce zare ya shiga ido ta gefen dogon kwarmin, lokon kuma ya fuskanci ƙugiya. A yawancin kekunan Butterfly da makamantansu shafaffen gefen yana kallon dama, zare kuma na shiga daga hagu zuwa dama. A sababbin kekunan da ake zura wa zare ta gaba, shafaffen gefen baya yake kallo.

Karyewar allura kuwa galibi daga hannun mai ɗinki take. Jan yadi ta baya domin a yi sauri yana lanƙwasa allura ta daki faranti. Duwatsu da ƙananan beza da ke jikin leshi su ma suna karya ta, don haka akan cire waɗanda ke kan layin ɗinki tukuna. Wajen haye kaurin haɗin wandon jins, ya fi kyau a bubbuga wurin da guduma ya kwanta, a ninka ƙyalle a sa a bayan ƙafar danne yadi domin ta daidaita, sannan a juya wili da hannu a hankali har a wuce.

Cukurkuɗewar zare da matsinsa

Ƙorafin da aka fi ji shi ne zare ya dunƙule a ƙarƙashin yadi. Da yawa sukan zargi ƙoshiya su shiga kwance notinta, alhali kuwa zaren da ya taru a ƙasan na sama ne, wanda bai sami matsi ba. Zaren sama yana bi ta tsakanin wasu faya-fayai biyu da ke matse shi. Faya-fayan suna buɗewa ne kawai idan an ɗaga ƙafar danne yadi. Wanda ya zura zare ƙafar tana ƙasa, zaren ba zai shiga tsakaninsu ba. Maganin shi ne a zare shi gaba ɗaya, a ɗaga ƙafar, a kai sandar jan zare can ƙololuwa, a sake zurawa daga farko ba tare da tsallake ko da maƙali ɗaya ba.

Idan dunƙulewar a farkon layi kaɗai take faruwa, a jawo bakin zaren biyu kimanin santimita 10 zuwa bayan ƙafar, a riƙe su da yatsa har a yi suka biyu ko uku. Haka kuma wili koyaushe wajen mai ɗinki ake juyo shi. Juya shi baya yana sa zare ya maƙale a hanyar ƙugiya.

Domin auna matsin zare, a sa launi ɗaya a sama, wani launin daban a kwarkwaro, a yi gwaji a kan ninki biyu na ragowar yadin da za a ɗinka. Idan zaren ƙasa ya leƙo ta sama, matsin sama ya yi yawa, sai a sassauta shi ta juya maɓallin zuwa hagu. Idan na sama ne ya fito ta ƙasa, matsin ya yi kaɗan, sai a ƙara zuwa dama. A kekunan da ke da lamba a maɓallin, tsakanin 3 da 5 ne yawancin ɗinki ke daidaita.

Sai bayan wannan duka ake duban ƙoshiya. Zaren kwarkwaro ya zama an naɗe shi daidai, ba tudu a gefe ɗaya, kuma ba a kan ragowar tsohon zare ba. Ya bi ta tsagar ƙoshiya ya shige ƙarƙashin ɗan sifirin ɗinta. A yawancin kekuna irin Butterfly, idan aka ja zaren ana kallon buɗaɗɗen gefen ƙoshiya, kwarkwaron zai juya irin juyin hannun agogo. Akwai gwaji mai sauƙi: a rataye ƙoshiyar da zarenta, a ɗan girgiza hannu. Idan ta ɗan sauka ta tsaya, matsin ya yi daidai. Idan ta zube ƙasa, ya yi sako-sako, idan kuma ta ƙi motsi, ya yi tsauri. Ɗan notin sifirin ɗin kwata ɗin zagaye kawai ake juya shi a lokaci guda, kuma a kan faranti ko farin ƙyalle, domin idan ya faɗi da wuya a gan shi. Wajen mayar da ƙoshiya, a tabbatar ɗan yatsanta ya shiga gurbinsa har an ji ta kama.

Tsinkewar zare

Zaren da ya daɗe a ajiye, ko wanda rana ta daka a bakin taga, yakan rube ya riƙa tsinkewa. Haka ma zaren da ya fi ƙarfin idon allura. Ana gwadawa ta zura allurar a guntun zare, a riƙe bakinsa biyu a karkata: idan allurar ta sulale da kanta, sun dace da juna.

Idan zare mai kyau ne, allura sabuwa ce, amma tsinkewar ta ci gaba, a duba ramin farantin allura da tsinin ƙugiya. Allurar da ta taɓa karyewa takan bar ɗan kaifi a wurin, wanda ke yanka zare duk lokacin da ya gifta. Ana jin sa da farce. Ƙaramin kaifi a faranti yakan goge da samfefa mai laushi ƙwarai, amma farantin da ya ci rauni sosai canza shi ake yi.

Idan yadi ya ƙi tafiya ko ya tattare

Kafin a ce haƙora sun cinye, a duba abubuwa uku. Na farko, ko sandar tsawon ɗinki tana kan sifili. Na biyu, ko an saukar da haƙoran, domin kekuna da yawa suna da maɓallin saukar da su saboda aikin surfani. Na uku, ko ɓurɓushin yadi ya cushe tsakaninsu. Kwance noti biyu na faranti da share wurin da ƙaramin burushi yakan wadatar. Haƙora masu lafiya sukan ɗago kimanin milimita 1 a saman faranti.

Tattarewar layin ɗinki a kan yadi maras nauyi na faruwa ne idan matsin zare ya yi yawa, ko allura ta yi kauri, ko tsawon suka ya zarce. Milimita 2 zuwa 2.5 ya ishi yawancin yadudduka, masu kauri kuma 3 zuwa 4. Notin da ke saman kan keke ta hagu shi ke ƙara ko rage nauyin ƙafar danne yadi: akan sassauta shi ga yadi mai laushi, a ƙara shi ga mai kauri.

Ƙura, tsatsa da mai

Yanayin Abuja yana gwada keke ta fuska biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, ta haɗu da mai ta zama kamar samfefa a tsakanin ƙarafa, musamman a gidajen da ke bakin hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma laimar damina na kawo tsatsa. Rufe keke da ƙyalle duk lokacin da aka tashi daga aiki yana rage illar duka biyun.

Hura ƙura da baki kuskure ne, domin yana ƙara tura ta ciki tare da danshin numfashi. Burushi da busasshen ƙyalle sun fi. Bayan shara ake sa mai, ɗigo ɗaya a kowane rami da kowace gaɓa da ƙarfe ke gogar ƙarfe, sama da ƙasa. Hanyar da ƙugiya ke kai da komo a cikinta tana son ɗigo ɗaya a duk ranar da aka yi aiki mai yawa. Daga nan a yi ɗinki a kan tsumma har man ya daina fita, kada ya ɓata farar shaddar mutane.

Man keke fari ne kamar ruwa. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su zama danƙo, baƙin man mota kuma ya yi kauri. Keken ƙarfe zalla da ya daɗe a ajiye har ya ƙage, akan ɗiga masa kananzir a gaɓoɓi, a juya wili a hankali, a goge, sannan a sa man keke. Ba a yin haka ga sababbin kekuna masu sassan roba ko na'urar kwamfuta, waɗanda littafin da ya zo da su ke fayyace inda ake sa musu mai. Ba a sa wa bel da faya-fayan matse zare mai.

Idan keke ya cije farat ɗaya ana cikin aiki, kusan koyaushe guntun zare ne ya shiga hanyar ƙugiya. Kada a tilasta wili. A cire allura da ƙoshiya, a buɗe maƙallan da ke riƙe da zoben ƙugiyar, a fito da ita, a cire zaren, a mayar da komai yadda yake.

Bel, feda da lantarki

A keken ƙafa, bel ɗin fata yakan saki da tsufa ya riƙa zamewa. Akan buɗe ƙarfen da ya haɗa bakinsa, a yanke kamar santimita 1, a huda sabon rami, a sake haɗawa. Idan ya yi tsauri fiye da kima, taka feda zai yi nauyi. Idan kuma wili na juyawa amma allura ba ta motsi, ƙaramin maɓallin da ke tsakiyar wilin ne aka sassauta lokacin naɗin kwarkwaro aka manta ba a ɗaure ba.

A keke mai lantarki, matakin farko kafin taɓa komai shi ne zare waya daga soket. Wutar Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, yayin da kekunan gwanjo da aka yi domin Amurka ke aiki da 120, na Japan kuma 100. Jona irin waɗannan kai tsaye ba tare da taransifomar rage wuta ba yana ƙona injin nan take, don haka a karanta ɗan allon da ke jikinsa tukuna. Injin da ke gurnani ba ya juyawa, a ɗage ƙafa daga fedarsa da sauri, a duba ko keken ne ya cije. Wanda ƙarfinsa ya ragu yana tartsatsi, mai yiwuwa 'yan sandunan gawayi biyu da ke cikinsa ne suka cinye, kuma ana samun madadinsu.

Inda aikin makanike ya fara

Akwai gyaran da bai kamata a yi shi da ka ba. Babba daga ciki shi ne saitin haɗuwar allura da ƙugiya, wanda makanikai ke kira taimin. Tsinin ƙugiya yana isa ga allura ne bayan ta ɗago kimanin milimita 2 zuwa 2.5 daga ƙarshen saukarta, ya wuce ɗan sama da idonta, kusa ƙwarai amma ba tare da ya taɓa ta ba. Kuskuren rabin milimita ya isa ya hana ɗinki. A nan ne karin maganar nan ta ƙaramin sani ƙuƙumi ne take tabbata, domin wanda ya kwance notin sandar allura ko na ƙugiya bisa zato yakan mayar da ƙaramar matsala babba.

Alamomin da ke nuna lokacin kiran makanike ya yi sun haɗa da allura sabuwa da ke dukan ƙugiya ko faranti, keken da ya ƙi ɗauko zaren ƙasa bayan an canza allura an sake zura zare, sandar allura da ke girgiza, ƙarar ƙarfe daga cikin kan keke, da ƙaurin ƙonewa daga inji ko feda. Zai taimaka a tafi da ƙyallen da aka yi gwaji a kai, da ƙoshiya da kwarkwaron da ake amfani da su, a kuma nemi a ga tsohon ƙarfen da aka ce an canza.

Ga mai keke a gida, tsarin binciken ba ya canzawa: a sa sabuwar allura mai lambar da ta dace, a sake zura zaren sama ƙafa tana ɗage, a duba kwarkwaro da ƙoshiya, a share ƙarƙashin faranti, a ɗiga mai, sannan a gwada a kan tsumma. A canza abu ɗaya a lokaci guda, domin a san wanda ya yi maganin. Kwalin allura masu lamba daban-daban, kwalbar man keke, sukudireba babba da ƙarama, burushi, ƙoshiya ɗaya ta ajiya da bel guda sun isa kayan aiki. Makonni biyu kafin azumi ko buɗe makarantu shi ne lokacin da ya fi dacewa a yi wa keke cikakkiyar shara da mai, tun kafin kayan mutane su taru.